SHIMFIƊAR KWANAN FILI: WACE TABARMA ZA KA ƊAUKA ZUWA MUZDALIFA?



 Darasin yau na maniyyata ne musamman, amma duk mai kwanan fili zai tsinci nasa a ciki: mai kwana a gona lokacin girbi, mai jinya a barandar asibiti, mai fita wa'azi ƙauye, har da masu i'itikafi. Maganar tabarma za mu yi. Na san wani zai yi dariya ya ce, haba malam, tabarma ma sai an yi mata darasi? To ɗan uwa, tambayi alhazan unguwarku. Bayan tari da murar da kusan kowa ke dawowa da su, kukan da za ka fi ji shi ne kwankwaso ya riƙe, wuya ya ƙi juyawa, ƙugu na zogi. Idan ka ce tun yaushe, da yawa za su ce maka tun daren Muzdalifa.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, bari in kwatanta masa wurin. A Mina akwai tantuna masu na'urar sanyaya wuri, waɗanda aka kafa da yadin da ba ya saurin kama wuta bayan gobarar 1997, kuma galibi za ka samu 'yar katifa. A Arfa ma akwai tanti. Muzdalifa kuwa fili ne fetal, sama ce rufinka. Wani wuri tsakuwa, wani wuri turɓaya mai duwatsu, wani wuri kwalta ko siminti. Inda mota ta sauke ku, ko inda ƙafa ta gaji, nan ne masaukinku. Wasu kamfanonin hidima kan shimfiɗa dardumai a inda aka keɓe wa mutanensu, amma cunkoso kan hana mutum kaiwa, ko ya kai ya tarar babu masaka tsinke. Saboda haka abin da ka ratayo a kafaɗarka shi ne gadonka.

Sai ka duba inda daren nan ya faɗo. Ka wuni a Arfa ranar 9 ga Zulhijja cikin zafi, ana addu'a har faɗuwar rana. Washegari kuma, ranar 10, ita ce ranar da ta fi kowace aiki: jifan Jamratul Aƙaba, hadaya, aski, ga masu sauka Makka kuma ɗawafi da sa'ayi, duk da tafiyar ƙafa ta kilomitoci a cikin rana. 'Yan awoyin da ke tsakanin waɗannan ranaku biyu su ne kaɗai hutun jikinka. A hadisin Jabir ɗan Abdullahi (RA) da Muslim ya kawo, wanda ya siffanta aikin Hajjin Annabi (SAW) daki-daki, an faɗi cewa da ya isa Muzdalifa ya haɗa Magariba da Isha'i, sannan ya kwanta har alfijir ya keto. Ka ga ke nan barci yana cikin aikin wannan dare.

A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, kuma hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, mafi yawansu waɗanda suka shiga ba bisa izini ba, suka yi doguwar tafiya a rana babu inuwa. Allah Ya jiƙansu. Ban ce rashin tabarma ya jawo wannan ba, kada a fahimce ni a baibai. Abin da nake nufi, jikin da ya kwana yana juyi a kan tsakuwa, ga ƙarancin ruwa, ya fi saurin galabaita idan rana ta take. Rashin barci yana ɗaga hawan jini, yana hargitsa sukarin mai ciwon suga, yana kuma gajarta haƙuri, a wurin da aka hana mu jayayya.

*"AI ANNABI (SAW) A KAN TABARMA YA KWANA"*

Wannan magana nakan ji ta daga bakin dattawa masu son lada, kuma gaskiya ce. Bukhari da Muslim sun kawo cewa Sayyidina Umar (RA) ya shiga wurin Annabi (SAW) ya tarar tabarma ta yi masa shaida a gefen jiki, har Umar ya yi kuka. Amma a cikin waɗannan littattafai dai Nana A'isha (RA) ta ba da labarin cewa shimfiɗar da yake kwana a kai ta fata ce, an cusa mata zaren dabino a ciki. Fata daga waje, cushe daga ciki: abin da ke tare danshi da abin da ke tare tauri. Haka nan Bukhari ya kawo labarin Abu Isra'ila, wanda ya yi bakancen tsayuwa a rana, ba zai zauna ba, ba zai shiga inuwa ba, ba zai yi magana ba, zai yi azumi. Annabi (SAW) ya ce a umarce shi ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, ya cika azuminsa. Wahalar da ibada ta zo da ita akwai lada a cikinta. Wadda ka nemo wa kanka alhali kana da mafita, Baba, wannan kwankwasonka ne zai biya.

Akwai kuma masu cewa kwana a kan dandaɓe maganin ciwon baya ne. A 2003 mujallar likitoci ta The Lancet ta buga wani bincike da aka yi a Sifaniya a kan mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon baya. Aka ba wasu katifa mai tauri sosai, wasu mai matsakaicin tauri. Bayan kwana 90, masu matsakaiciyar su suka fi samun sauƙi. Katifar da ta lotsa kamar kwarya tana cutarwa, haka ma ƙasa tsura.

*AIKI BIYU TABARMA KE YI*

Na farko, raba nauyi. Idan ka kwanta a gefen dama kamar yadda sunna ta koyar, nauyinka kusan duka yana sauka a wuri biyu, kafaɗa da ƙashin ƙugu. A kan ƙasa mai tauri waɗannan wurare suna matsuwa, jini ya rage gudu a fatar wurin, sai jiki ya tashe ka ka juya. Ka juya hagu, bayan ɗan lokaci nan ma haka. Shi ya sa mutum zai ce na kwanta awa huɗu amma kamar ban runtsa ba. Ga kuma tsakiyar jiki, tsakanin haƙarƙari da ƙugu, yana rataye babu abin da ya tallafe shi, ƙashin baya ya kwana a karkace. Da asuba ka zo miƙewa, kwankwaso ya ce bai san zancen ba.

Na biyu, shiga tsakaninka da zafin ƙasa ko sanyinta. Wannan mutane ba su cika lura da shi ba. Kwalta da dutse sun wuni suna shan rana, da dare sai su riƙa amayar da zafin a hankali. Ka shimfiɗa siririn zane a kai, kamar ka kwanta a kan tanda ne da aka sauke ba da jimawa ba. A lokacin sanyi kuma abin juyawa yake: ƙasa ce ke zuƙe ɗumin jikinka, kuma ta fi iska saurin zuƙa. Bargon da ka shimfiɗa a ƙasa ba ya tare wannan sosai, don abin da ke riƙe ɗumi a bargo iska ce da ta maƙale a tsakanin zare, da ka kwanta a kai ka matse ta ta fita. Shi ya sa za ka ga mutum ya lulluɓa da bargo biyu amma yana rawar ɗari, sanyin ta ƙasa yake shigarsa.

Kada maniyyaci ya ce sanyi bai shafe shi ba. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kwana 10 ko 11, don haka Hajji yana matsowa baya duk shekara. Ya faɗo tsakiyar Yuni a 2024, farkon Yuni a 2025, kuma haka zai yi ta tafiya har ya koma lokacin sanyi. Waɗanda suka sauke farali a 2007 da 2008, lokacin da ya zo a Disamba, su za su ba ka labarin asubar Muzdalifa da harami fallen biyu a jiki.

*TO, WACCE ZA A SAYA?*

Mu fara da tamu ta gida. Tabarmar kaba tana da sanyi a jiki, ba ta tara gumi, amma ba ta naɗuwa ƙanana, tana karyewa a jaka, kuma tsakuwa na ratso ta. Tabarmar roba, har da irin wadda ake sayar wa alhazai a shagunan Makka mai ninkewa da hannun rataya, wani lokaci da ɗan matashin hurawa a jikinta, ba ta da nauyi, tana tare ƙura da danshi, ga araha. Laifinta ɗaya: ba ta da kauri. Ga saurayi mai ƙoshin lafiya da zai kwana a turɓaya, ta wadatar. Ga mai shekara 60 a kan tsakuwa, ita da babu ɗan bambancin kaɗan ne. Darajarta ta gaskiya ita ce a sa ta a ƙasa, a ɗora wata a kai.

Soson katifa da ake yankowa a kasuwa yana da daɗin kwanciya, ba musu. Sai dai yana shan ruwa da gumi kamar soson wanka, yana cin wuri a mota, idan siriri ne kuma nauyin jiki na matse shi har ƙugu ya taɓa ƙasa. A bar shi a gida.

Wadda na fi ba mutane shawara a kanta ita ce tabarmar soso mai tauri, irin robar nan da ake yin silifas da ita. Ƙofofin iskar da ke cikinta a toshe suke, don haka ba ta shan ruwa, ba ta lotsewa gaba ɗaya, ƙaya ko tsinin dutse ba su kashe ta. Akwai mai naɗewa kamar tabarma, akwai mai ninkewa fallen-fallen wadda fuskarta ke da gurbi-gurbi kamar kiret ɗin ƙwai. Mai ninkewar ta fi, don tana kwanciya sak da zarar ka buɗe, ba ta naɗe baki, kuma idan ka ninka ta biyu ko uku ta zama kujerar zama a Arfa ko a layin jiran mota. Mai kyau kaurinta ya kai santimita 2, nauyinta bai kai rabin kilo ba. Ba ta son famfo, ba ta son gyara. Ka sauka a gajiye ƙarfe ɗayan dare, ka jefa ta ƙasa, ka kwanta. Aibinta girma: ba ta shiga ƙaramar jaka, sai dai a ɗaure ta a waje da igiya. Kuma a kula, tabarmar motsa jiki da ake sayarwa a shagunan kayan wasanni ta yi kama da ita, amma da yawa kaurinsu bai wuce rabin santimita ba. An yi su ne don kada ƙafa ta zame, ba su isa kwana ba.

Sai mai hura kanta. Wannan soso ne mai laushi a cikin rigar da iska ba ta fita, da ɗan murfi a kusurwa. Ka buɗe murfin, soson ya kumbura ya ja iska da kansa, ka ƙara mata numfashi biyu ko uku, ka rufe. Wasu injiniyoyi da suka yi aiki a kamfanin jiragen sama na Boeing ne suka fito da ita a birnin Siyatil na Amurka a 1972, da sunan Therm-a-Rest, yanzu kuwa kamfanoni barkatai na yin irinta. Mai kaurin santimita 3 zuwa 5 ita ce ta fi dacewa da dattijo, da mai ciwon ƙugu, da mai jiki. Ko ta huje, soson cikin yana nan, ba za ka koma ƙasa tsura ba. Amma ta fi nauyi, ta fi tsada, kuma naɗe ta na son ƙarfin gwiwa da na hannu. Hajiya, idan kin san gwiwarki ba ta durƙuso, ki tabbata akwai wanda zai naɗe miki da asuba, lokacin da kowa ke sauri.

Ta ƙarshe ita ce ta iska zalla, wadda ake hurawa da baki ko da 'yar jakar hurawa. Ita ta fi kowacce kauri, santimita 5 har 10, idan an sace iskar kuma ba ta fi gorar ruwa girma ba. Tana burge mutum a shago. A fili kuwa tsini ɗaya ya ishe ta, sai ka farka ka ji ka a ƙasa. Idan aka bar ta a hure cikin rana iskar na faɗaɗa har ɗinkin ya buɗe. Wasu kuma ƙara suke kamar leda duk juyin da ka yi, maƙwabcinka ya kwana yana tsaki. Idan ita ka zaɓa, lallai ka sa tabarmar roba a ƙarƙashi, ka riƙe ɗan abin facinta a aljihun jaka. Babbar katifar iska ta ɗaki mai son famfon lantarki kuwa, kada ma ka fara.

Buzu fa? Kakanninmu ba su yi wauta ba. Fata na tare iska da danshi, gashin na riƙe ɗumi, shi ya sa malamai da makiyaya suka riƙe shi. Gajarta ce matsalarsa, da nauyi, da wari idan ya jiƙe. A gida lokacin hunturu, a ɗora shi kan tabarma daidai kafaɗa zuwa ƙugu, yana aiki ƙwarai.

A jikin kwalin wasu tabarmin za ka ga harafin R da lamba kusa da shi. Wannan ma'aunin yadda take tare wucewar zafi ne, ko daga jikinka zuwa ƙasa ko daga ƙasa zuwa jikinka. Lamba 1 zuwa 2 ta lokacin zafi ce, 2 zuwa 4 ta isa sanyi irin namu na hunturu, daga 4 zuwa sama ta masu kwana kan ƙanƙara ce, kada ka ɓata kuɗinka. Mai gurbin ƙwai ɗin nan tana wajen 2. Idan ka ɗora ɗaya kan ɗaya lambobin haɗuwa suke. Manyan kamfanoni sun koma awo iri ɗaya tun 2020, amma kayan da ba su da suna kowa na rubuta abin da ya ga dama, don haka hannunka da bayanka su ne alƙalai.

Girma kuma: wadda aka fi samu tsawonta santimita 183, faɗi 51. Wannan faɗin ya yi wa mai faɗin kafaɗa kaɗan, da ya juya hannu ya faɗa ƙasa. Akwai mai faɗin 64, ita ta fi wa mai jiki. Idan kaya sun yi yawa, gara ka rage tsawo da ka rage kauri: gajeriya da ta ɗauke kafaɗa zuwa gwiwa ta isa, jakarka ta zama matashi, darduma ta ɗauki ƙafa.

*GWAJI TUN A GIDA*

Nan ne mutane ke sakaci. Sai a sayi tabarma a bar ta a ledarta, ba za a buɗe ba sai a Muzdalifa cikin duhu da gajiya. Ɗan uwa, tun ana bita ka fitar da ita tsakar gida, ka nemi wuri mai ɗan tsakuwa, ka shimfiɗa, ka kwanta a gefe minti 15 cur. Ka saurari ƙashin ƙugunka. Idan kana jin ƙasa ta nan, kaurin bai isa ba, a ƙara wata a ƙasa ko a canja. Ka koma rigingine ka tura tafin hannu ƙarƙashin kwankwaso. Idan hannun ya wuce sakayau, sa ɗan tawul a naɗe a wurin ko a ƙarƙashin gwiwoyi. Mai kwana a gefe kuma ya sa tawul ɗin tsakanin gwiwoyi, yana sauke wa ƙugu nauyi fiye da yadda kake zato. Matashi ya cike tsakanin kunne da kafaɗa daidai, kada ya ɗaga kai sama, kada ya bar shi ya rataya. Fallen haramin da ka riƙe na canji, idan aka ninke shi, ya ishi wannan aiki.

Mai iska ko mai hura kanta, a hura ta a ɗora mata nauyi ta kwana. Idan da safe ta saki sosai, shafa mata ruwan sabulu, inda kumfa ke tashi nan ne hujin. Kuma kada a hura ta ta yi tauri kamar ƙwallo. Ka kwanta, ka ɗan saki iska har ƙugu ya nutsa amma bai taɓa ƙasa ba, nan ne daidai.

Sannan ka kwana a kanta dare biyu ko uku kafin tafiya. Wanda ya shekara 20 a kan gado, jikinsa ya manta ƙasa. Ka koyi tashi ma: juya gefe, dafa hannu biyu, hau gwiwa, kafa ƙafa ɗaya, sannan miƙe. Masu shan maganin hawan jini su ɗan zauna minti ɗaya kafin su tashi tsaye, saboda jiri.

Mai ciwon suga, kai ne na fi ji. Idan ciwon ya taɓa jijiyoyin ƙafa, kwalta za ta iya ƙona maka dunduniya ko tsakuwa ta huda ka ba ka ji ba, kuma ka san yadda gyambon mai suga yake. Kai kam doguwar tabarma za ka ɗauka wadda ƙafa ba ta sauka daga kanta, kuma ka duba tafin ƙafarka da fitilar waya kafin ka kwanta da bayan ka tashi. Mai asma ya zaɓi wadda ake gogewa da tsumma, ya nisanci inda motoci ke tsaye da inji a kunne. Mai juna biyu da cikinta ya tsufa ta kwanta a gefe, kada ta yi rigingine. Kuma a tuna, shari'a ta yi rangwame ga masu rauni, tsofaffi da mata, su bar Muzdalifa cikin dare kafin cunkoso, kamar yadda aka yi wa Nana Sauda (RA) izini. A mazhabar Malikiyya sauka a wurin shi ne wajibi, kwana kuma sunna. Ku tambayi malaman bitarku tun yanzu abin da ya dace da halinku.

*INDA ZA KA SHIMFIƊA*

Tabarma mai kyau a mugun wuri ba ta da amfani. Muslim ya kawo daga Abu Huraira (RA) cewa Annabi (SAW) ya hori matafiya, idan sun sauka hutun dare, su kauce wa hanya, don nan ce mabiyar dabbobi da matattarar miyagun ƙwari. A Muzdalifar yau dabbobin su ne manyan motoci masu ja da baya cikin dare, da dubban ƙafafun masu wucewa. Kada ka kwanta a gefen titi, ko bayan mota, ko ƙarƙashinta, komai gajiya. Kada ka manne da banɗaki, don ruwa na malalowa, kuma za a kwana ana tsallake ka. Amma mai yawan fitsari, kamar mai suga ko dattijo, kada ya yi nisa da shi sosai, ya kuma riƙe wata alama da zai gane wurinsa idan ya dawo. Ka share tsakuwa da gefen takalmi kafin ka shimfiɗa, dama za ka tsinci na jifa. Idan wurin gangare ne, kai ya kasance ta sama.

Kakkaɓe shimfiɗa kafin kwanciya sunna ce tabbatacciya, kuma hikimarta a fili ta fi bayyana, don ba ka san abin da ya shige ta a bayanka ba. A kakkaɓe takalmi ma da asuba. Kunama tana cikin abubuwan da aka halatta wa mai harami ya kashe.

Abu biyu na harami da suka shafi shimfiɗa. Kada a fesa wa tabarma turare ko a turara ta, ko da sabuwar roba ce mai wari. A shanya ta a inuwa kwana biyu tun a gida, warin zai fita. Namiji kuma zai iya rufe jikinsa da mayafi ya ɗora kai a matashi, amma ba zai lulluɓe kai ba. Game da sallah, malamai sun ce goshi ya tabbata a wurin sujada. A kan mai tauri babu matsala, amma a kan ta iska goshi lilo yake. Ture ta gefe, ka yi sallarka kan darduma ko tabarmar roba.

Ga 'yan uwa masu kwanan fili a gida kuwa, ƙa'idar ɗaya ce, sai dai sanyi ne babban abokin gaba. Daren Disamba da Janairu a Jos, ko a tsaunin Mambila, ko a dajin Agadas, ƙasa na iya zuƙe ɗumin tsoho ko ƙaramin yaro har ya kai ga haɗari. Kwanan siminti ba shi ke kawo limoniya kai tsaye ba, ƙwayoyin cuta ke kawo ta, amma yana ɗaure tsoka, yana tayar da zogin gaɓɓai, yana hana barci. Idan babu kuɗin tabarmar soso, kwali fallen biyu ko uku a ƙarƙashin tabarmar roba yana aikin da zai ba ka mamaki, masu jinya a asibiti su riƙe wannan. A damina a fara sa leda ko tampol a ƙasa. Gidan sauro a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ko'ina. Kada a shiga da garwashi cikin tanti ko rufaffen ɗaki don jin ɗumi, hayaƙinsa marar wari yana kashe mutum cikin barci. Jariri kuma kada a kwantar da shi kan katifar iska ko soso mai lotsewa, fuskarsa na iya nutsewa numfashi ya toshe.

Tabarma kamar tawul ce, kowa da tasa. Ƙazuwa da makero na bin shimfiɗa, kuɗin cizo na ɓuya a ɗinki da ninki. Bayan an gama a wanke da ruwa da sabulu, a shanya ta bushe ƙarau kafin a naɗe, in ba haka ba ta yi fumfuna. Mai hura kanta a ajiye ta a buɗe, murfi a sake, ƙarƙashin gado ko bayan ƙofa. Idan ta daɗe a matse, soson na iya daina tashi yadda ya kamata.

Abu na ƙarshe, Alhaji. Da gari ya waye a Muzdalifa za ka ga tabarmi zube ko'ina, mutane sun yar don sauri. Kada ka yar da taka. Akwai sauran kwanakin Mina, inda katifar tanti siririya ce kuma wuri a matse, akwai zaman jiran mota, akwai kuma filin jirgi a Jidda ko Madina, inda jinkirin tashi kan sa alhazai kwana a kan tayil mai sanyin na'ura. Rubuta sunanka da jiharka a jikinta da alƙalamin da ba ya gogewa, ka ɗaure ta a bayan jaka yadda hannayenka biyu za su zama a sake lokacin jifa.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo mana da ku lafiya.